Haƙƙin mallaka a cibiyar koyar da sana'a: takardun darasi na wa ne, me kuma ya halatta a kwafa?

Tambaya: Ina da cibiyar koyar da sana'a a Kano. Muna koyar da ɗinki, haɗa sola da wayarin, da kwamfuta, ɗalibai kuma biyan kuɗi suke yi. Malaminmu na sola ya ajiye aiki ya buɗe tasa cibiyar, sai ya aiko mana cewa mu daina raba takardun darasin da ya rubuta lokacin da yake tare da mu, alhali albashi muke biyansa. Yana da wannan ikon? Na biyu, mu kanmu muna yi wa ɗalibai fotokwafin littattafai, muna kuma tura musu littattafai da bidiyo ta WhatsApp. An ce min wannan ma laifi ne. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri kan hidimar da kike yi wa matasa. Zan fara da ɓangaren da ba zai yi miki daɗin ji ba. Idan babu yarjejeniya tsakaninki da malamin nan da ta ce abin da ya rubuta na cibiya ne, to a dokar Najeriya nasa ne, ko da a kan teburinki ya rubuta, da kwamfutarki, a lokacin da kike biyansa. Ban ce gobe ki tattara takardun ki cinna musu wuta ba, domin ke ma kina da taki hujjar, zan zo kanta. Amma mallakar dai tana hannunsa.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 17 ga Maris 2023. Ita ta maye gurbin wadda aka gada tun 1988, zamanin mulkin soja. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ke kula da aiwatar da ita, ƙarar da ta taso a kanta kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai ta.

Kafin mu shiga rigimarki sai an raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, sana'ar kanta da rubutun da aka yi a kanta. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ba ta kare tunani, ko hanyar yin aiki, ko tsari, ko ƙa'idar kimiyya, ko bayanai tsurarsu. Lissafin yawan farantin sola da batirin da gida ke buƙata ba na kowa ba ne. Haka ɗaukar awon kafaɗa da hannu, haka yanka wuyan riga, haka yawan sinadarin da ake zubawa a haɗa sabulu. Duk wanda ya koya ya koya, yana iya koyar da wani, yana iya buɗe shago a gefen na maigidansa. Abin da doka ke karewa shi ne sigar da mutum ya zuba ilimin a ciki: jimlolin da ya tsara, zanen da ya yi na yadda waya ke tashi daga faranti ta bi ta na'urar daidaita caji zuwa batir da inbata, hotunan da ya ɗauka, bidiyon da ya naɗa. Sharaɗi biyu ne kawai. Ya zama mutum ya yi nasa ƙoƙarin har aikin ya fita daga kwafe, kuma ya zama an adana aikin a wani abu, takarda ce ko waya ko kwamfuta. Ba a buƙatar rajista, ba a buƙatar alamar ©, ba a ma duba ko aikin ya yi kyau. Handawut mai shafi goma sha biyu, cike da kurakuran rubutu, yana da kariya daidai da littafin da babban kamfani ya buga.

Masu koyar da ɗinki kan tambaye ni game da salon riga. Hoton da wata tela ta ɗauka ta sa a Instagram nata ne, ba a ɗauka a liƙa a tallar wata cibiya. Zanen da aka yi shi da nufin a riƙa ƙera shi da yawa a matsayin kayan masana'anta kuwa wata doka ce daban ke kula da shi, ta 1970, kuma a can sai an yi rajista. Aikin gargajiya irin su aska biyu da aska takwas babu telan da zai ce nasa ne, kuma koyar da su a aji ba ya buƙatar izinin kowa.

Wannan rabuwar ta nuna miki iyakar ikon malaminki. Ba zai hana ki koyar da sola ba. Ba zai hana sabon malami ya zauna ya rubuta nasa darasin a kan batutuwan nan, da nasa misalai da nasa zane ba. Abin da yake da ta cewa a kai shi ne shafukan da ya rubuta.

To me ya sa albashi bai saye su ba? Sashe na 28 na dokar ya ce haƙƙin mallaka yana farawa ne a hannun wanda ya yi aikin, sai fa idan yarjejeniya ta tanadi akasin haka. A Ingila, dokarsu ta 1988 ta ba wa wanda ya ɗauki ma'aikaci duk abin da ma'aikacin ya rubuta a bakin aiki, a Amurka ma haka abin yake. Yawancin bayanan da ake karantawa a intanet daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, shi ya sa masu cibiyoyi da yawa ke zaune da yaƙinin cewa tunda sun biya, sun mallaka. Tamu dokar ba ta bi wannan hanyar ba, ta jingina ne ga marubuci. Sashe na 30 kuma ya ƙara ɗaure zancen: miƙa haƙƙin mallaka ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta gare shi shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. "Ai ya ce min na cibiya ne" ba ta isa ba, ko da a gaban shaidu ya faɗa.

Inda hukuncin ya juya shi ne aikin gwamnati. Wanda ya yi aiki ƙarƙashin umarni da kulawar gwamnati, ko ma'aikatarta, ko wata hukumarta, ma'aikaci ne shi ko ɗan kwangila, haƙƙin na gwamnatin ne idan ba a yi wata yarjejeniya ba. Don haka mai koyarwar da hukumar gwamnati mai horar da sana'a irin ITF ko NDE ta sa shi ya tsara mata littafin horo, kada ya ɗauka zai tafi da shi ya buga ya sayar. Ke ma ki lura da wannan duk lokacin da cibiyarki ta samu kwangilar horar da matasa daga gwamnati ko daga ƙungiyar agaji. Ki karanta sashen da ya yi magana kan kayan horo kafin ki sa hannu, domin sau da yawa a nan ake miƙa littafin da aka yi shekaru ana gyarawa ba tare da an ankara ba.

Yanzu ga taki hujjar. Sashe na 30 ɗin nan ya ce izinin da bai keɓanta ga mutum ɗaya ba yana iya zama a rubuce, ko da baki, ko a fahimce shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. Malamin nan ya rubuta takardun ne don ɗaliban cibiyarki, rubuta su na cikin aikin da ake biyansa, shi da kansa ya riƙa miƙa su a buga a raba. Duk wannan yana nuna ya ba cibiya izinin amfani da su wajen koyarwa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma albashin da kika biya yana ƙara mata ƙarfi. Sai dai tana da iyaka. Ba ta ba ki damar buga takardun ki kai kasuwa ba, ba ta ba ki damar miƙa su ga wata cibiya ba, ba ta hana shi amfani da su a sabon wurinsa ba. Sannan duk yadda aka yi, kada ki goge sunansa ki sa na sabon malami. Haƙƙin a ambaci sunan marubuci, da haƙƙin kada a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci, suna nan tare da shi muddin yana raye, ko da ya sayar da komai. Masu cibiya da yawa a nan suke jefa kansu cikin matsala, saboda fushi.

Ki kuma ɗauko takardun ki duba su shafi shafi. Abin da na saba gani shi ne wani kaso na irin waɗannan takardu an ɗebo shi ne kai tsaye daga littafin da ke zuwa cikin kwalin inbata, ko daga shafukan intanet. Abin da ya kwafo ba shi da haƙƙi a kansa, ke ma ba ki da shi, na kamfanin ne. Idan kuma wani malami ya sa hannu a rubutun sosai, to mallakar ta su biyun ce.

Shawarata ita ce kada a kai ga kotu. Kuɗin lauya da zirga-zirga za su ninka darajar takardun. Ki nemi wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa, a zauna, a rubuta takarda ɗaya: shi ya amince cibiya ta ci gaba da bugawa da raba wa ɗalibanta, da sunansa a kai, ke kuma kin amince mallakar tasa ce. Idan ya nemi wani abu na kuɗi mai ma'ana, ki biya sau ɗaya a rubuta an biya. Idan ya ƙi, ki sa sabon malami ya rubuta sabo daga tushe, kuma kada ya ajiye tsohon a gabansa yana canza kalmomi, domin kwafe da sauya kalma kwafe ne.

Malaman da suka rage miki kuwa, wannan makon ya kamata a gyara takardar ɗaukarsu aiki. Ba sai an cika ta da turancin lauyoyi ba, da Hausa ma ta inganta muddin an sa hannu da kwanan wata. Ta faɗi wane ne mai takardun darasi, tambayoyin jarrabawa, hotuna da bidiyon da aka yi don cibiya, ta kuma faɗi abin da malami zai iya tafiya da shi idan ya bar aiki. A ganina adalci shi ne abin da aka rubuta don cibiya ya zama na cibiya, abin da malami ya zo da shi daga gida ya zauna nasa, cibiya ta samu izinin amfani da shi ko bayan tafiyarsa. Malamin da aka ƙwace wa komai ba zai sake kawo miki mafi kyawun abin da ya sani a rubuce ba, zai bar shi a kansa. Haka za ki yi da baƙon malami na kwana biyu, da mai zanen da ya tsara miki bangon littafi, da mai hoton da kika kira ranar yaye ɗalibai, domin a doka hoto na wanda ya ɗauka ne. Bidiyo ya ɗan bambanta: doka ta ɗauki wanda ya shirya yin sa a matsayin mai shi, don haka idan cibiya ce ta tsara ta biya, hujjarta ta fi ƙarfi, amma duk da haka a rubuta.

Ɗalibai ma suna da nasu. Tambarin da ɗalibin kwamfuta ya zana a aji nasa ne, biyan kuɗin makaranta ko amfani da kwamfutar cibiya bai mayar da shi naki ba. Idan kina son nuna ayyukansu a talla, ki sa layi ɗaya na neman izini a fom ɗin shiga. Sa fuskokinsu a Facebook kuma ya taɓo wata doka, ta kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, 'yan mata da matan aure ne da yawansu, a tambaye su tukuna.

Sai tambayarki ta biyu. Dokar ba ta rufe wa malamai ƙofa ba, amma ƙofar ba ta kai faɗin da ake zato ba. Malami na iya kwafar zane ko sakin layi daga littafi a kan allo, ɗalibi na iya kwafa a littafinsa da hannu, babu laifi. Ana iya ɗauko wani yanki a sa a tambayar jarrabawa. Da zarar injin fotokwafi ya shigo kuwa, sai ma'auni ya canza. Abin da aka yarje wa makaranta shi ne ta kwafi wasu sassa don koyarwa, kada su wuce kashi 5 cikin 100 na littafin a cikin wata uku. Littafi mai shafi 200 ke nan shafi 10. Bayan wannan akwai sashe na 20, wanda ya halatta amfani bisa adalci don abubuwa kamar karatun mutum na kansa da binciken da ba na kasuwanci ba, ya kuma ba alƙali abu huɗu da zai auna: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗiba, yawan abin da aka ɗiba da muhimmancinsa, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar aikin. Ki ɗora abin da kuke yi a kan wannan ma'auni. Cibiya ce mai karɓar kuɗi, littafin an rubuta shi ne don a sayar wa ɗalibai irin naki, an kwafe shi daga bango zuwa bango, kuma duk wanda ya samu kwafin ba zai sayi na asali ba. Duka huɗun sun faɗa a kanki. Shafi uku na jadawalin kaurin waya da aka raba a aji ɗaya, tare da sunan littafin da marubucinsa, wannan wani abu ne daban, kuma shi ne irin abin da dokar ta yi nufin sauƙaƙawa.

Ambaton sunan marubuci wajibi ne, amma ba ya zama izini. Rashin ganin littafin a kasuwar Sabon Gari ma ba izini ba ne, haka tsufansa. Rubutu da zane suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, hoto da bidiyo shekara 50 daga fitowarsu, don haka littattafan wayarin da kanikancin da aka buga a shekarun 1970 kusan duka suna cikin kariya har yau. Na waje ma haka, na Indiya ne ko na Ingila, domin Najeriya ta shiga yarjejeniyar Bern tun 1993, wadda ta wajabta a kare aikin baƙo kamar na ɗan ƙasa. Abin da ya fi haɗari shi ne a buga kwafin a ɗinke a sayar wa ɗalibai, ko a cusa kuɗinsa cikin kuɗin makaranta. Nan an fita daga rigimar diyya an shiga laifin da hukuma ke gurfanarwa, kuma hukuncin buga kwafin sata don sayarwa tara ce da ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗaurin aƙalla shekara biyar, ko duka biyun. Kwafi ɗari ya zama naira miliyan ɗaya.

Idan littafi ya zama dole a gare ku, hanyoyin halal suna nan. A sayi 'yan kwafi a ajiye a cibiya ɗalibai su riƙa ara. A rubuta wa kamfanin da ya buga a nemi izini ko ragin farashi na sari. Akwai kuma ƙungiyar REPRONIG, wadda NCC ta amince ta riƙa ba makarantu lasisin fotokwafi tana raba kuɗin ga marubuta da mawallafa. Dokokin ƙasa da takardun hukuma na gudanarwa ba su da haƙƙin mallaka, kowa na iya kwafa. Manhajar karatu da ma'aunan sana'a da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ke fitarwa kuwa an yi su ne don cibiyoyi su bi, sai dai ba a cire sunan hukumar a sa na cibiya. Ɗalibi makaho yana da nasa sassaucin: Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sabuwar dokar kuma ta buɗe hanyar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya ba tare da jiran izinin mai shi ba, ta hannun cibiyoyin da ke yi wa makafi hidima.

WhatsApp bai canza komai ba, ya ma ƙara girman abin. Wanda ya yi sikanin littafi ya jefa a zaure mai mutum tamanin ya yi kwafi tamanin a daƙiƙa ɗaya, kuma daga nan ba shi da iko da inda za su kai. Sabuwar dokar ta ambaci wannan da sunansa, ta ba mai aiki shi kaɗai ikon sanya aikinsa a intanet inda jama'a za su same shi. Samun PDF kyauta a wani shafi ba ya nuna mai shi ne ya sa. Abin da ya tsira shi ne tura adireshin inda mai aikin da kansa ya ajiye shi: shafin kamfanin inbata inda littafin na'urar yake, ko tashar mai bidiyon a YouTube. Nan ba ki kwafi komai ba, hanya kika nuna. Na san dalilin da ya sa ake saukewa a tura, kuɗin data ne, kuma dalili ne na gaskiya. Maganinsa a haska bidiyon a aji da majigi kai tsaye daga tashar, ko a tura wa mai tashar saƙo a nemi izini, masu koyar da sana'a da yawa suna amsawa da farin ciki. Mafi kyau duka, ki sa malamanki su naɗi nasu da waya, da Hausa, da irin kayan da ɗalibai za su tarar a kasuwarmu.

Zancen Hausa ya kawo ni kan fassara, kuma nan mu ya fi shafa. Malami ya karanta littafin turanci ya fahimta, ya tsaya gaban aji ya yi bayani da Hausa da nasa kalmomi, wannan koyarwa ce, babu mai hana shi. Ya ɗauki littafin ya juya shi babi babi zuwa Hausa ya buga, wannan fassara ce, kuma fassara na cikin abubuwan da sai da izinin mai littafi. Dokar ta tanadi hanyar neman lasisin fassara don koyarwa ta hannun NCC bisa wasu sharuɗɗa, amma rubuta wa mawallafin kai tsaye ya fi sauri. Ina jin zafin ƙarancin littattafan sana'a da Hausa, kuma ina ganin malamanmu da suka yi shekaru suna wayarin da walda sun fi ƙarfin su tsaya a fassara. Su rubuta nasu.

Ɗakin kwamfutarki ma ki leƙa. Doka ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, don haka CorelDRAW ko AutoCAD ko Microsoft Office da aka fasa kariyarsu aka zuba a kwamfuta ashirin ba tare da lasisi ba kwafin sata ne ashirin. Akwai na kyauta da aka halatta wa kowa, LibreOffice don rubutu da lissafi, Inkscape da GIMP don zane da gyaran hoto, FreeCAD don zanen injiniya, kuma kamfanin Autodesk na ba makarantun da suka cika sharuɗɗansa lasisin koyarwa kyauta.

Wasu malamai kan ce min ilimi na Allah ne, ɓoye shi kuma haramun ne. Gaskiya ne, shi ya sa ma doka ta bar ilimin a buɗe kamar yadda na yi bayani. Abin da aka kare gumin wanda ya zauna ya rubuta ne, da jarin wanda ya buga. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba wannan batu a zamanta na biyar a Kuwait, cikin Disamba 1988, ta yanke a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Ke da ranki ya ɓaci don an ce ki daina amfani da shafuka kaɗan, kin fi kowa sanin yadda marubucin da aka kwafe wa littafi sukutum yake ji.

Akwai kuma tarin kayan koyarwa da masu su suka sake tun farko don a kwafa. Lasisin Creative Commons, wanda ya fara fitowa a 2002, shi ne alamar da za ki nema, kuma haruffan da ke jikinsa su ne sharuɗɗan. BY na nufin ki ambaci mai aikin. SA na nufin idan kin gyara ko kin fassara, ki saki naki da irin wannan lasisin. ND ya hana rarraba abin da aka sauya, har da fassara. NC ya hana amfani na kasuwanci, kuma tunda cibiyarki na karɓar kuɗi, ki kauce wa masu wannan alamar ko ki tambayi mai su. Mai BY kaɗai ko BY da SA kina iya bugawa, ki fassara zuwa Hausa, ki sa hotunan kayanmu, har ki sayar. Hotunan Wikimedia Commons da kayan horo da yawa na ƙungiyar Commonwealth of Learning a irin wannan tsari suke, YouTube ma yana da wurin tace bidiyon da ke ɗauke da wannan lasisi. Ki riƙa ajiye rajista ƙarama ta inda aka samo kowane hoto da kowane zane da lasisinsa, domin bayan shekara biyu babu mai tunawa.

Ranar da cibiyarki ta mallaki nata takardun, wata cibiyar za ta iya kwafe su, don haka ki shirya tun yanzu. A shafin farko a rubuta sunan marubuci, sunan mai haƙƙi, shekara, da abin da aka yarda ɗalibi ya yi da su. Ki adana daftarin farko da saƙonnin da ke nuna ranar da aka rubuta. NCC na da tsarin rajista ta intanet. Ba dole ba ne, kuma ba shi ke haifar da haƙƙin ba, amma takardar shaidar tana sa kotu ta fara ɗaukar abin da ke cikinta a matsayin gaskiya har sai an kawo hujjar da ta rushe shi, kuma wannan na rage wahala sosai. Sunan cibiya da tambarinta a matsayin alamar kasuwanci rajistarsu daban ce, a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Idan kin kama wani da takardunki, ki fara sayen kwafi ɗaya ki karɓi rasit, ko ki ɗauki hoton shafin da kwanan watansa, sannan lauya ya rubuta masa ya daina. Idan a intanet ya sa, dokar 2022 ta ba ki damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafin sanarwa a rubuce ya sauke abin. Idan duk wannan bai yi ba, kotu na iya hana shi ci gaba, ta sa ya biya diyya ko ya miƙo ribar da ya ci, NCC kuma na karɓar koke a kan masu bugawa su sayar.